Alhaki Kwikwiyo Ne, Amma Wa Ya Ba Mu Igiyarsa?

Bas ɗin Yamai kan bar Tawa tun da duhun asuba. Ran nan tikitina na aljihu tun jiya, na tashi da wuri, ɗan kabu-kabun da muka yi alkawari da shi ma bai makara ba. Muna cikin tafiya sai tayar baya ta yi faci. Kafin a samu wani babur a irin wannan lokaci an ɓata kusan rabin awa, na isa tasha na tarar ana share inda motar ta tsaya. Yaron ya biyo ni da jakata a kafaɗa yana haki, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wani jinkirin alheri ne." Wata dattijuwa da ke hura wutar ƙosai a bakin ƙofa ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, ba ka san abin da Allah Ya tsare ka da shi ba."

Maganarsu ta sanyaya mini rai. Abin da ya dame ni shi ne abin da zuciyata ta yi da ita bayan na koma gida. Yini guda kunnena na kan waya. Na san hanyar, Ƙonni, Dogonduci, Doso, kilomita sama da 500, ina ta jin kamar wani labari zai taso daga can ya bayyana mini dalilin facin nan. Da yamma aka ce mota ta sauka lafiya, ko ƙwarzane babu. A nan ne na gane abin da na yini ina jira. In da alherin ya zo ta ƙofar da nake tsammani, da sai mutanen motar nan, har da mata da goyonsu, sun shiga uku domin a tabbatar mini ni ne Allah Ya tsare. Na yi istigfari. Kuɗin tikiti ya tafi, abin da zan je yi Yamai ya wuce ni, kuma har yau ban ga wata riba ta zahiri da ta fito daga facin nan ba.

Akwai maganganu biyu da Bahaushe ke tokare rayuwarsa da su. In abu ya kuɓuce masa sai ya ce wani hani ga Allah baiwa ne. In an cuce shi kuwa, sai ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Na yarda da duka biyun, da su aka rene ni. To a ƴan shekarun nan wata baƙuwar kalma ta zo ta zauna a tsakaninsu. A fada wajen shan shayi, a Facebook da TikTok, da an ga wanda ya taɓa yin mugunta ya faɗi, sai ka ji matasa na cewa "karma ce ta kama shi." Farkon jina na ɗauka garin Karma ake nufi, na bakin kogin nan da ke gaba da Yamai. Ashe kalmar daga nesa ta taso, kuma ta zo da kayanta a ka, kayan da yawancin masu faɗinta ba su taɓa kwancewa sun duba ba.

Karma kalma ce ta Sanskirit, tsohon harshen littattafan addini na Indiya, ma'anarta kuma aiki. A wajen mabiya Hindu da Buda da Jain, kowane aiki yana barin iri, irin nan kuma dole ya tsiro, ko a wannan rayuwa ko a wata. Wannan "wata" ɗin ita ce ginshiƙin maganar. A aƙidarsu mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa, ya sake mutuwa a sake haihuwarsa, abin da ya aikata a rayuwar baya shi ke zaɓa masa gidan da zai faɗo da jikin da zai saka. Babban burinsu ma shi ne su kuɓuta daga wannan kewayen gaba ɗaya. Ba kansu ɗaya ba a kan bayaninta. Mabiya Jain suna ɗaukar ta kamar wata ƙura mai laushi da ke manne wa rai. Buda ya ce niyya ce karma, kuma a koyarwarsa ba duk ciwon da ya sami mutum ne ake jingina wa aikin baya ba, akwai na canjin yanayi, akwai na rashin kula da jiki. A mafi yawan waɗannan hanyoyi karma tana aiki ne kamar yadda wuta ke ƙuna, ba ta jiran wani ya kai ƙara.

Aƙidar ta taɓa zama bulala a hannun masu ƙarfi. An daɗe ana gaya wa waɗanda aka haifa a ƙasan tsarin jinsunan Indiya, waɗanda ko taɓa su ba a yi, cewa aikinsu na rayuwar baya ne ya jefa su can, don haka ba wanda ya zalunce su. Ambedkar, wanda a cikinsu aka haife shi kuma ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin ƙasar da ya fara aiki a 1950, ya yi rayuwarsa yana yaƙar wannan fassara, har a 1956 ya bar addinin Hindu tare da dubban ɗaruruwan mutanensa a birnin Nagpur. Na kawo wannan ne domin cutar da ya yaƙa muna da irinta a gida, da namu kalmomin.

Yaron da ke rubuta "karma" a wayarsa a unguwarmu bai yarda da sake haihuwa ba, ya san mutuwa ɗaya ce, tashi ɗaya ne. Alhaki yake nufi. Alhaki kuwa daga Larabci muka samo shi, haƙƙi ne, kuma haƙƙi yana da mai shi. Duba yadda muke sarrafa kalmar: ka ɗauki alhakin marainiya, alhakin leburan da ka hana kuɗin guminsa yana wuyanka, kada ka shiga alhakin dabba. A kowace jimla akwai wani da ke tsaye yana bin ka. Akwai kuma Alƙalin da za a je gabanSa, shi ya sa wanda ya rasa ƙarfi yake cewa "na bar ka da Allah," shi ya sa "Allah Ya isa" daga bakin tsohuwa ke hana ƙato barci. Lokacin da Annabi (SAW) zai aika Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, cikin wasiyyar da ya yi masa har da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah.

Tunda yana da mai shi, ana iya warware shi, kuma a nan ne al'adarmu ta fi burge ni. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a Tawa ya ga lokacin da wani daga dangi ke miƙewa, murya na rawa, ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya same su, wanda kuma ya yi wa ba daidai ba don Allah ya yafe masa. Maniyyaci kafin ya tashi sai ya bi gida-gida yana neman gafara. Ranar Salla ana gaisawa ana cewa a yafi juna. Duk wannan zirga-zirga ana yin ta ne saboda mun yarda cewa bashin yana da ƙofar biya: a mayar da abin da aka ƙwace, a nemi afuwar mai shi, a tuba. Wanda ya ƙi biya a nan, hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya faɗi inda za a biya. Matsiyacin gaske shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, a yi ta ɗibar ladansa ana ba su, in ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa.

To a duniya fa, kwikwiyon yana cim ma mai shi? Sau da yawa yana cim masa, kuma ba sai an je nesa neman dalili ba. Ƙasar Adar, wato yankinmu na Tawa, ƙasar ƴan biɗa ce. Da an gama girbi samari ke ɗaukar hanya, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya, kuma duk wannan tafiya a kan amana take tsaye. Maigidan da zai sauke ka a unguwar Ajame ta Abijan ɗan garinku ne, wanda zai ba ka kaya bashi ya san mahaifinka, wanda zai kai wa innarka saƙo kun yi makarantar allo tare. Ka ci amanar mutum ɗaya, kafin ka ɗaure jakarka saƙon murya ya riga ka isa duk inda ka nufa. Haka dillalin albasar da ke cusa ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu, ya ci riba bana, baɗi motocin Gana su wuce rumfarsa. Ga kuma abin da mugunta ke yi wa mai ita daga ciki: wanda ya saba da cuta yana zaton kowa macuci ne, ba ya yarda da ɗansa ballantana yaron shagonsa, ƴaƴansa kuma suna kallo suna koyo, wata rana a kansa za su gwada. Alƙur'ani ya ce mugun makirci ba ya faɗawa sai a kan masu shi, Bahaushe ya ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Akwai ma hadisin da ya ware zalunci da yanke zumunta a matsayin laifukan da suka fi cancantar a gaggauta hukuncinsu tun a duniya.

Sai dai mu faɗi gaskiya, mun san azzaluman da suka tsufa cikin daula, suka mutu a kan katifa, aka cika maƙabarta wajen rakiyarsu. Muna riƙe labarin wanda ya faɗi saboda yana da daɗin bayarwa, na waɗanda ba su faɗi ba kuma mu bar shi ya bi iska. Addini bai yi mana alkawarin za mu ga ƙarshen kowa da idonmu ba. A cikin suratu Ibrahim an ce kada ka zaci Allah Ya gafala daga abin da azzalumai ke yi, jinkirta musu kawai Yake zuwa wani yini da idanu za su fiffito. Wani ma daular tasa ita ce talalar da aka yi masa.

Inda abin ke ɓaci shi ne in muka juya karin maganar muka karanta ta daga ƙarshe. Karin ya ce wanda ya cuci wani, sakamako zai bi shi. Mu kuma sai mu ga wanda masifa ta sama, mu ce lalle akwai wanda ya cuta. Shago ya ƙone, me ya yi? Mace ta yi ɓari uku, alhakin wa ta ɗauka? Attajiri ya karye, ai dama. Nan take mun zama alƙalai, ba ƙara, ba shaida, wanda ake tuhuma kuma yana kwance ba ya iya kare kansa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Melvin Lerner, ya bi diddigin wannan ɗabi'a. A wani gwaji da ya yi da abokiyar aikinsa Carolyn Simmons aka wallafa a 1966, an sa ɗalibai mata suna kallon wata budurwa da suka ɗauka ana jona mata wutar lantarki duk lokacin da ta yi kuskure, alhali shiri ne. Waɗanda aka ba damar su tsayar da azabar kuma a saka mata, sun ci gaba da ganin mutuncinta. Waɗanda suka ga azabar za ta ci gaba kuma ba abin da za su iya, sai suka fara ganin baƙinta. Bayanin Lerner shi ne zuciya ba ta son yarda cewa masifa na iya faɗa wa marar laifi, domin in haka ne to tana iya faɗo mana mu ma. Ya fi mana sauƙi mu nemo wa mai wahala laifi, mu samu mu yi barci. Tsoro ne ke magana a bakinmu, mu kuma muna ɗaukar sa imani.

Ina da maƙwabciya mai ƴaƴa huɗu, biyu daga ciki suna da sikila. Na san daren da ciwon ke tashi, musamman lokacin ɗari, domin katanga ɗaya ta raba mu. Za ka ji an hura gawayi tsakar dare, ka ji ƙarar buta, ka ji yaron yana cewa "Inna, ƙafata," ita kuma tana gasa masa da tsumma mai ɗumi tana karanta duk addu'ar da ta sani, kafin gari ya waye a nufi asibiti. Matar nan ta shigo gidan ne bayan an saki uwargida, kuma shekara da shekaru ana raɗa a unguwa cewa alhakin waccan ne ya sauka a kan ƴaƴanta. An faɗa a bakin famfo, an faɗa a gidan suna, har ya dawo kunnenta. Dalilin ciwon kuwa sananne ne. Ita da mijinta kowannensu jininsa AS ne, kuma in irin waɗannan suka yi aure, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Da limamiya ce ko waliyyiya, lissafin bai canzawa. Abin mamaki ma, ƙwayar gadon nan ta yawaita a ƙasashenmu ne saboda mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954. Abin da ya ceci kakanni daga sauro, shi ne ke kwantar da jikoki in ya haɗu biyu. Ko alhakin ne ma, yaro ɗan shekara bakwai me ya ci? Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani.

Masu wannan fassara sukan kawo ayar suratu Shura da ta ce abin da ya same ku na masifa to daga abin da hannayenku suka aikata ne. Ayar gaskiya ce, kuma an saukar da ita ne domin kowa ya duba nasa hannun. Ba a ba mu ita mu riƙa leƙen tafin maƙwabci ba. Da masifa shaidar laifi ce, me za mu ce da Annabi Ayuba? Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya tambayi Annabi (SAW) su wa aka fi jarrabawa, ya ce annabawa, sannan waɗanda suka fi kama da su. Annobar Amwas a ƙasar Sham ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, zaɓaɓɓu cikin sahabbai. A daminar 2024, da ruwa ya kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar nan har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, tsohon masallacin Damagaram na ƙasa, wanda ya haura shekara 150, yana cikin abin da ya rushe. Hannayen mutane suna da rabo a ambaliya, ban musa ba: hannun da ya sayar da fili a kan hanyar ruwa, hannun da ya cika lambatu da leda, hannun da aka ba kuɗin gyaran madatsa bai gyara ba. Galibi kuma masu hannayen nan suna kan tudu, talakan da ya yi gini inda kuɗinsa ya kai shi ne ke kwana a ajin makaranta da tabarmarsa. In muka ce masa alhakinsa ne, mun wanke mai laifin mun ɗora wa wanda aka cuta.

Ɗaya karin, na hani da baiwa, tushensa ya fi ƙarfi. Suratul Baƙara aya ta 216 ta ce mai yiwuwa ku ƙi abu alhali shi ne alheri gare ku, ku so abu alhali sharri ne gare ku, Allah ne Ya sani, ku ba ku sani ba. Mukan riƙe farkon ayar mu manta da ƙarshenta. Ƙissar Annabi Musa da Halliru a suratul Kahfi ta fi komai fito da wannan. An huda jirgin wasu miskinai masu aiki a teku, domin a gabansu akwai sarkin da ke ƙwace kowane lafiyayyen jirgi. Annabi Musa aka yi wa bayani, shi ma sai a ƙarshen tafiya. Ƙissar ba ta ce an gaya wa masu jirgin ba. Ta yiwu sun koma gida suna baƙin cikin ramin da baƙo ya yi musu, suka toshe, suka ci gaba da neman abincinsu. A ranar facin taya ni ina sahun masu jirgin ne, amma na so a yi mini bayani irin na annabi kafin rana ta faɗi.

Akwai ɓangaren da ke hannun mutum, wato abin da yake auna asararsa da shi. Wasu masu bincike sun nazarci fuskokin ƴan wasan Olamfik na Basalona a 1992, suka ga masu lambar tagulla sun fi masu azurfa fara'a. Mai azurfa yana hangen zinaren da ya kuɓuce masa, mai tagulla yana tuna saura ƙiris ya koma hannu rabbana. Mu a Nijar mun ga ɗaya fuskar abin. Da Abdul Razak Alfaga ya ciyo azurfa a Riyo a 2016, ƙasar nan ta yi murna kamar zinare ya kawo, domin tun tagullar da Isaka Dabore ya samo a damben 1972 ba mu sake ganin lamba ba, shekara 44. Dattijuwar mai ƙosai irin wannan aikin ta yi mini, ta ɗauke idona daga Yamai ta mayar da shi kan cewa ina tsaye da ƙafafuna. Wannan ba yaudarar kai ba ne matuƙar mutum bai ƙaryata asararsa ba. Annabi (SAW) ya hana mu zama muna "da na yi kaza da kaza ya faru," kuma shi ne ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi.

Baiwar da ta fi girma a cikin hani, a iya abin da na gani a ƙasar nan tamu, da gumi aka tono ta. Dattawa ba su manta da 1984 ba, shekarar da ake kira El Buhari, damina ta ƙi, iyakar Najeriya na rufe, dabbobi suka ƙare, garuruwa suka watse. Bayan wannan ne gwamnatin Kunce ta dage a kan noman rani, aka shiga haƙa rijiyoyi a fadamu. A 1984 ɗin ne aka buɗe aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon Italiya, inda mata, da yake maza sun tafi biɗa, suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a gangaren tsaunuka don tare ruwa, ana biyan su da abinci. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake faɗaɗa rami a zuba taki, suka dawo suka gyara tassarsu ta gado. Faƙon da ko akuya ba ta tsayawa a kai ya fara ba da hatsi, har aka shiga sayen filayen da a da ko kyauta ba a karɓa. A wajen Maraɗi manoma suka koma barin kututturen itace ya tofo a gona suna yi masa sassabe, abin da daga baya aka ƙiyasta ya farfaɗo da kadada kusan miliyan 5 a kudancin ƙasar nan. Duk wanda ya bi hanyar Badagishiri da damina ya ga ramukan da ake haƙawa da siffar rabin-wata cike da ruwa a inda dā tsandauri ne, ya san abin da nake faɗi.

Amma ban taɓa jin wanda ya binne ɗansa a shekarar nan ya ce yunwar alheri ce ba, kuma ba zan faɗa a gabansa ba. Yunwa masifa ce, tassa kuma aikin waɗanda suka rayu ne suka ƙi yarda a maimaita musu. Fahimtar Sayyidina Umar ke nan lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba, ya yanke shawarar juyawa. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ina jin takaici in na ga an mai da "haka Allah Ya so" bargon rufe sakaci, direba ya yi gudun ganganci a ce kwana ne ya ƙare, ma'aikaci ya ɓatar da takardun ɗalibi a ce masa wani hani baiwa ne. Wanda ya jawo asarar ba shi da bakin yi wa wanda ya cuta wa'azin haƙuri. Ɗan kabu-kabun nan da ya ce mini jinkiri alheri ne, ya ƙi karɓar kuɗinsa, ya kuma mayar da ni gida a kan babur ɗin aro. Shi ya sa maganarsa ta shige ni.

Maƙwabciyata tana da ƙanwa da ta taso a hannunta. Da aka zo neman aurenta, an kawo kaya, an fara maganar sa rana, sai ta tsaya kai da fata sai an je an yi gwajin jini. Dangin saurayin suka ji haushi, wasu suka ce baƙin ciki take yi wa yarinya, wata gwaggo ta ce ai lafiya da ciwo duk na Allah ne. Ta ce, "Gwaggo, na Allah ne, ni ma na sani. Ki zo ki kwana ɗakina dare ɗaya in sanyi ya shigo." Aka je, sakamako ya fito, su biyun duka AS. Aka mayar da kaya.

Yarinyar ta yi kwana uku ba ta fito tsakar gida ba. Matata da ta shiga duba su ta ce mini mata sun yi ta zuwa, kowace da karin maganarta a baki, wannan ta ce wani hani baiwa ne, waccan ta ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Yayar ba ta ce mata ko ɗaya daga ciki ba. Ta dama fura ta kai mata ɗaki, ta zauna a bakin gado tana tsefe mata kitson da aka yi don zuwan baƙi, ƙaramin mai sikilar yana kwance a gefensu yana wasa da murfin kwano. Yau wata bakwai ke nan, yarinyar ta koma wajen koyon ɗinki, saurayin kuma an ce ya tafi Abijan.